Nauyin Jikinka da Tseren Kwale-kwale: Abin da Za Ka Fara Gobe da Safe

Ƙanena, idan kana cikin samarin Kebbe ko Tambuwal masu tuƙa kwale-kwale a Gulbin Zamfara, kuma kana da burin wata rana ka shiga tseren Kabanci a Argungu ko Rigata a Yawuri, to wannan shawara taka ce. Samari kan yi gardama a bakin gulbi: mai jiki ne ke cin tsere ko siriri? Kowannensu na iya ci. Wanda ke zuwa na ɗaya shi ne wanda nauyinsa ya dace da jirginsa, ya kuma san inda zai ajiye wannan nauyin. Ga matakai goma da za ka bi.

1. Hau sikeli tukuna. Gobe da safe, kafin ka karya, ka je kemis ko asibitin da ke kusa ka auna kanka. Rubuta abin da ka gani. Ka riƙa maimaitawa sau ɗaya a mako, a rana guda, da kaya iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne, duk kilo ɗaya da ka ɗora wa jirgi sai ya ture lita ɗaya ta ruwa. Mai kilo 85 yana ture lita 20 fiye da mai kilo 65, tun daga farkon tsere har ƙarshe. Jirgin da ya fi nutsewa, ruwa ya fi riƙe shi.

2. Duba yadda jirgin ke ɗaukarka. Shiga ciki a ruwa mai kwanciya, ka zauna yadda kake tuƙi. Sa abokinka ya ja layi da gawayi ko fenti daidai inda ruwa ya tsaya a jikin jirgin, gaba da tsakiya da baya. Idan ruwa ya kusa taɓa baki, jirgin ya yi maka kaɗan. Idan kuwa ya taso sama sosai har iska na juya masa kai, ya yi maka yawa.

3. Nemi jirgin da ya dace da jikinka. Haka manyan 'yan tseren duniya ke yi. A gasar Olimfik akwai ƙananan jiragen mutum ɗaya da iska ke turawa da ƙyalle, matuƙin yana ranƙwafawa waje da jikinsa don kada iska ta kifar da shi. Jirgin da ake kira Laser, wanda yanzu sunansa ILCA, ya fi dacewa da namiji mai kilo 80 zuwa 85. Wanda bai kai haka ba sai a sa masa ƙaramin ƙyalle a jirgi iri ɗaya. Ƙattai masu kilo 90 zuwa sama kuwa sun kasance da nasu, Finn, a gasar Olimfik har zuwa 2021. Ben Ainslie na Ingila ya ci zinare da Laser a 2000. Da ya koma Finn sai da ya ƙara nauyi da tsoka, sannan ya ci zinare a 2004 da 2008 da 2012. Kai ma, idan mai jiki ne, ari dogon jirgi mai ɗan faɗi. Idan siriri ne, ɗauki siririn jirgi mara nauyi.

4. Gyara wurin zama. Nan ne samari da yawa ke zubar da tsere ba su sani ba. Idan ka koma can baya, gindin jirgin zai nutse ya riƙa jan ruwa, kan kuma ya ɗaga sama. Idan ka matsa gaba da yawa, kan zai riƙa noman ruwa, jirgin ya ƙi miƙewa. Matsa kaɗan-kaɗan, taki ɗaya gaba, taki ɗaya baya, har jirgin ya zauna daidai a kan ruwa gaba da baya. Ka yi wa wurin alama. Sannan ka yi ƙasa da jikinka, ko a zaune ko a durƙushe. Duk yadda nauyinka ya yi ƙasa, haka jirgin zai daina tangaɗi, ƙarfinka ya tafi ga filafili gaba ɗaya.

5. Zubar da nauyin banza kafin ka taɓa jikinka. Ruwan da ke kwance a cikin jirgi, idan ya cika jarka mai lita 10, kilo 10 ke nan kake ɗauke da shi kyauta. Toshe duk inda ke yoyo, ka kwarfe ruwan tas kafin a tashi. Fitar da taru da gora da igiya da duk abin da tsere ba ya buƙata. Kankare gansakuka da laka daga ƙasan jirgin. Katako yana shan ruwa ya yi nauyi, don haka za ka iya kife shi a inuwa ya tsane, amma kada ka bar shi a rana ya bushe ƙayau, domin zai tsage ya buɗe. Tambayi dattijon Basarken da ke kusa da kai kwana nawa irin katakonka ke jurewa. Ka kuma bar babbar riga a gida. Gajeren wando da 'yar shara sun isa.

6. Idan kai mai jiki ne, yi amfani da ƙarfinka. Jirginka ba ya saurin tashi, amma idan ya ɗauki gudu ba ya saurin tsayawa, kuma iska ba ta wasa da shi. Kada ka tsorata idan sirara suka wuce ka a farko. Ka riƙa zura filafili sosai, ka ja dogon ja, da ƙarfin baya da ƙugu, ba da hannu kaɗai ba. Bi tsakiyar ruwa inda ya fi zurfi, domin a wuri mara zurfi jirgin da ya nutse sosai ya fi shan wahala.

7. Idan kai siriri ne, yi amfani da saurinka. Tashi da wuri, ka riƙa gajeren ja akai-akai, ka kama gaba tun farko. Bikin Argungu, wanda ya samo asali tun 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ana yin sa ne da rani a Matan Fada, lokacin da ruwa ya ja baya. Irin wannan ruwa naka ne. Abokin gabarka shi ne iska. Idan ta taso daga gaba ko daga gefe, matsa gaba kaɗan don kan jirgin ya kama ruwa, ka kuma sunkuya.

8. Kada ka yi wa cikinka horo. Abin da ake nema shi ne ƙarfi mai yawa a kan kowane kilo na jikinka. Teɓa kaya ce, tsoka kuwa inji ce. Idan kana son ragewa, rage lemon kwalba da sukari da soye-soye, ka nufi rabin kilo a mako, kada ka wuce haka. Idan kana son ƙarawa, ga kifi a hannunka, ga wake, ga gyaɗa, ga ƙwai, ga fura da nono, sai ka haɗa da atisaye. Kada ka daina shan ruwa don sikeli ya sauka. Mai kilo 70 da ya zubar da gumin kilo ɗaya da rabi bai mayar ba, ƙarfinsa zai ragu a fili. Ko a tseren duniya, inda aka keɓe rukunin marasa nauyi, kilo 72.5 ga namiji mai tuƙi shi kaɗai da kilo 59 ga mace, a hankali ake saukowa cikin watanni. Ka kuma guji duk wani maganin ƙiba ko na rama da ake tallarsa a kasuwa.

9. Bari agogo ya raba gardama. Zaɓi itace biyu a bakin ruwa masu ɗan nisa tsakaninsu. Ba ƙaninka wayarka ya riƙe maka lokaci. Yi tuƙi a wurin zamanka na da, ka huta, ka sake a sabon wurin. Gwada da jirginka, ka gwada da na aro. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, ka kuma je ka dawo, don kada gudun ruwa ya ruɗe ka. Rubuta komai kusa da nauyinka na wannan makon. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

10. Akwai nauyin da ba a ragewa. Rigar kariya daga nutsewa ba ta da wani nauyin kirki, don haka ka sa ta duk lokacin atisaye ko da ka iya ninƙaya. Kada ka fita kai kaɗai, kada ka yi gwaji da damina lokacin da gulbi ya kawo, kuma ka sanar da Sarkin Ruwan yankinku kafin ku shirya tsere. Wannan layin da ka ja a jikin jirgi zai yi maka amfani har ranar kasuwa. Idan mutane da buhuna suka nutsar da jirgin har ruwa ya doshi baki, ka sauke wasu, ka yi sawu biyu.

To ƙanena, aikin gobe ba shi da yawa: sikeli, gawayi, ƙoƙon kwarfar ruwa da waya mai agogo. Ka fara da su tun yanzu, ka riƙe su na tsawon wata uku, sannan ka je ka rubuta sunanka a tsere. Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare.