Yadda Girgizar Sauti Ke Gaggauta Taurin Ƙarfe

Idan maƙeri a Kusfa, ko wata unguwa a birnin Zariya, ya ƙera gatari, yakan zuga wuta har bakinsa ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, nan take ya yi tauri. Amma akwai ƙarafan da ruwa kaɗai ba ya taurara su. Sai an mayar da su tanderu sun yi sa'o'i a matsakaicin zafi, har wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi su tsiro a jikinsu su hana su lanƙwasa. Wannan dabara ita ce taurarawa ta hanyar tsufa, kuma Bajamushe Alfred Wilm ne ya gano ta a 1906, a gaurayen alminiyom.

Matsalarta ita ce cin lokaci. Ƙarfen da ake kira maraging, mai nikel kusan kashi 18 cikin 100, yana buƙatar sa'o'i 3 zuwa 6 a zafin digiri 480. Inconel 718 kuwa, gaurayen nikel da ake yin sassan injin jirgin sama da shi, yana cin kusan sa'o'i 18, daga digiri 720 a sauko zuwa 620. Kowace sa'a kuɗin lantarki ce.

A nan ne sauti ya shigo. Girgizar da ta haura sau 20,000 a daƙiƙa kunnen mutum ba ya jin ta, amma ƙarfe yana ji. A 1955, Blaha da Langenecker sun gano a Austiriya cewa tutiya tana laushi idan irin wannan girgiza ta ratsa ta. Haka kuma girgizar tana yawaita gurɓi da karkata a jerin ƙwayoyin zarra na ƙarfe. Zarra sai su samu hanyoyin tafiya, ƙwayoyin taurin kuma su samu wuraren tsirowa da yawa, don haka ƙarfe yana iya kai wa ƙololuwar taurinsa da wuri.

Sai dai garaje ba ƙarfi ba ne. Idan aka zarce lokaci, ƙwayoyin kan yi ƙiba su ragu, taurin ya koma baya. Girgizar ma tana ƙara zafi, kuma ba ta ratsa babban ƙarfe daidai wa daida. Shi ya sa dabarar ta fi zama a ɗakunan gwaji.

Darasin ya shafi ɗaliban injiniyan ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da masu koyon gyaran jirgi a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964: kada a rage lokacin tanderu sai an auna taurin samfuri sa'a bayan sa'a.