Nadama Ƙofar Tuba Ce, Ba Wurin Zama Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan nadama ne. Akwai bayin Allah da yawa waɗanda suka yi saɓo a zamanin ƙuruciya, ko suka ci amana, ko suka ɓata wa iyaye rai har iyayen suka rasu. Sun tuba, amma abin yana nan yana cin zuciyarsu, har wani ya ɗauka cewa ba za a gafarta masa ba, daga nan sai ya soma sakaci da salla.

To, mu sani nadama iri biyu ce. Akwai wadda take tura bawa zuwa ga Ubangijinsa, ita ce tushen tuba. Akwai kuma wadda take sa shi ya yanke ƙauna, wannan kuwa tarkon Shaiɗan ne, gama Allah Ya hana yanke ƙauna daga rahamarSa a Suratuz Zumar, aya ta 53. A harshen Larabci asalin ma'anar tuba shi ne komowa, sunan Allah Attawwabu kuwa sigarsa tana nuna yawa, watau Mai yawan karɓar masu komowa.

Malamai, cikinsu har da Imam Nawawi, sun ce sharuɗɗan tuba uku ne: barin saɓon, da yin nadama a kansa, da ƙudurta cewa ba za a koma ba. Idan da haƙƙin wani a ciki, sai a ƙara na huɗu, a mayar masa da abinsa ko a nemi yafewarsa. Babu wanda ya sa azabtar da kai cikin sharuɗɗan nan.

Mu dubi Wahshi. Shi ne ya kashe Sayyidina Hamza, baffan Manzon Allah (S.A.W.), a yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira. Daga baya ya musulunta, Annabi ya karɓi musuluncinsa, amma ya nemi ya riƙa nisantar da fuskarsa daga gare shi. Wace nadama ce ta kai wannan nauyi? Duk da haka Wahshi bai zauna yana zargin kansa ba. A zamanin halifancin Sayyidina Abubakar ya fita yaƙin Yamama, ya jefi Musailima maƙaryaci da mashinsa, yana fatan wannan ya zama makwafin wancan.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, abin da ya wuce ba ya dawowa, amma ana bin bayansa da gyara. Suratu Hudu, aya ta 114, ta tabbatar da cewa kyawawan ayyuka suna shafe munana. Wanda ya ci dukiyar mamaci ya kai wa magadansa. Wanda iyayensa suka rasu ya yi masu addu'a da sadaka, ya sada zumuntarsu. Wanda Allah Ya rufa wa asiri kada ya tona kansa a gaban jama'a. Kuma a rage faɗin "da na sani", gama hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa.

Allah Ya karɓi tubarmu, Ya sa mu cika da imani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda.