Koyon Hausa da Ƙafa: Gajerun Tafiye-tafiye Daga Garin Wudil

Duk wanda ya yi shekara biyu a wannan sashe namu ya san aikatau aji na shida, ya san "nan" da "can", ya kuma haddace gabas da yamma da kudu da arewa tun a zangon farko. Ni ma na san su, har na ci jarrabawa a kansu. Amma sai ranar da na tsaya a bakin wata gona a ƙasar Wudil, wani dattijo yana kwatanta mini hanya, sannan na gane cewa sanin takarda na yi musu. Da yawa daga cikinmu za su je Arewa zaman koyon harshe, kuma abin da na lura shi ne mukan ƙare zaman nan tsakanin masauki da tasha da teburin mai shayi, inda jimla goma ta ishi mutum rayuwa. To akwai wani ɓangare na Hausa da ba ya zama a kai sai an taka ƙasa, wato kalmomin wuri da na motsi. Shi ne dalilin wannan ɗan rubutu.

Garin da kasuwarsa

Wudil tana cikin Jihar Kano, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Kasuwarta ranar Juma'a take ci, kuma ta yi suna wajen cinikin shanu. Wurin da ake cinikin dabbobin shi ake kira kara. Kada a rikita shi da karan dawa, kada kuma a rikita shi da ƙara mai lanƙwasa, wadda ake kaiwa gaban alƙali. A gefen garin akwai babban kogi. Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa kafin su iso nan, daga nan ruwan ya nufi Haɗeja, ya bi ta dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya kama hanyar Tafkin Chadi. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, saboda haka ko da rani akan saki ruwa, kogin ba ya rasa abin da masu lambu za su ja.

Amfanin garin kasuwa ga mai koyon harshe shi ne hanyoyi. Kowane ƙauye na kewaye yana da turbar da mutanensa suke bi su zo cin kasuwa, don haka duk inda ka fuskanta akwai hanyar ƙafa da aka taka ta yi fes, kuma akwai mutane a kanta.

Na tambayi abokina ɗan garin, wanda ya yi mini rakiya, yadda zan san tafiya mai sauƙi da mai wuya. Bai ambaci kilomita ba. Ya ce wadda za ka fita bayan asuba ka dawo da hantsi, wannan yawo ne. Wadda za ta kai ka kusan azahar ita ce matsakaiciya, sai da gorar ruwa. Abin da ya wuce haka ya zama tafiya ta sosai, mai guzuri da yada zango, kuma ba ita muke magana ba. Sannan ya ce in riƙa kallon ƙasar da zan taka, domin rairayi yana cin ƙafa fiye da tsandauri.

Ta farko: bakin kogi

Wannan ita ce mai sauƙi. Daga cikin gari zuwa gaɓar kogi, mu ɗan bi gaɓar mu juyo, ba mu cika awa biyu ba a agogona, har da tsaye-tsaye. A nan ake samun masunta da tarunsu da komarsu, da masu ɗiban yashi, da masu wanki, da masu kwale-kwale.

A nan ne aji na shida ya zauna mini. Mun karanta cewa F. W. Parsons ne ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, kuma aji na shida shi ne mai ƙarewa da wasalin -o, wanda yake nuna aikin ya nufo wajen mai magana. A allo abin yana da sauƙi: fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, hau da hawo, koma da komo. Matsalar allo ita ce babu wanda yake tsaye a ko'ina. A bakin kogi kuwa kowa yana da inda yake. Muna kan tudu abokina ya ce, "Mu gangara." Mai kwale-kwalen da ke ƙasa ya ɗaga murya ya ce, "Ku gangaro mana, samari!" Gangara ɗaya ce, ƙafa ɗaya za ta yi ta, amma wasalin ƙarshe ya faɗi inda kowannensu yake. Da muka tsaya a gaɓa na ji wani daga tsallake yana kiran ɗan'uwansa, "Ka ƙetaro da buhun!" Da a gefenmu yake da "ƙetare" ko "ƙetara" zai yi amfani.

Ni kuma na yi kuskurena. Mai jirgin ya tambaye ni ko zan shiga, yana zaune a ciki, sai na ce, "Zan shiga." Bai ce komai ba, amma abokina ya raɗa mini cewa tun da wajensa zan je, ya fi daɗin ji in ce, "Bari in shigo." Wato mai magana yakan ɗauki matsayin wanda yake yi wa magana. Wannan ban taɓa lura da shi a aji ba.

Af, har ila yau akwai "fito" na biyu. Sana'ar ƙetarar da mutane a jirgin ruwa ita ma fito ake ce mata, abin da ake biya kuma kuɗin fito. Da na ji ana cewa "masu fito" sai na yi ta duba ko su wane ne za su fito.

Ta biyu: fadama da lambuna

Ita ma ba ta da wuya, sai dai ta fi tsawo, kuma takalmi yana shan laka. A watan Nuwamba na yi ta, lokacin da masu noman rani suka fara gyara fangali suna dashen albasa da tumatir da attaruhu. Fadama ita ce ƙasa mai damshi ta kusa da ruwa, kishiyarta tudu, in tudun mai rairayi ne a ce jigawa. Injin ban-ruwa ne yake ta ƙara ko'ina. Wani manomi ya ce mini a zamanin mahaifinsa da jigo ake ɗebo ruwan, ya kwatanta mini da hannu yadda sandar take sunkuyawa da guga ta ɗago.

Darasin wannan hanya gaisuwa ce. Ba a wuce mai aiki a yi shiru. "Sannu da aiki, Baba." "Yawwa, sannu kadai." "Ya ruwa?" "Ruwa ya yi gyara." Wannan ta ƙarshe gaisuwar damina ce, kuma da na yi ta a Nuwamba dariya aka yi mini, aka ce yanzu sai dai in ce "Ya sanyi?" ko "Ya ɗari?" Haka kuma lokaci yana sauya gaisuwa tun kana kan hanya ɗaya: ka fita da "barka da asuba", can ka koma "barka da hantsi", kafin ka dawo ta zama "barka da rana". In dattijo ne a zaune, ka ɗan rusuna. Mu da muka taso a ƙasar Yarabawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ba a taka fangali. Akwai 'yar kunya tsakanin kowane biyu, ita ake bi. Kunya a nan tudun ƙasa ce da manomi ya tayar, ba kunyar ido ba, ko da yake wanda ya taka dashen mutane zai sha ta biyun.

Ta uku: burtali zuwa ƙauye

Wannan ce matsakaiciya, kuma ita ce ta fi ba ni abin rubutawa. Mun fita ranar Juma'a da sassafe da gangan, don mu yi ta haɗuwa da masu shigowa kasuwa: masu jakuna, masu kekuna da babura ɗauke da buhuna, mata Fulani da ƙoren nono a ka, da masu koro shanu. Gaisuwarsu daban ce: "Allah ya ba da kasuwa." "Amin, na gode."

Hausa ba ta tsaya a kan kalmar "hanya" kaɗai ba. Titi na mota ne. Gwadabe hanya ce mai faɗi. Turba ita ce wadda ƙafa ta fitar. Burtali kuwa hanyar dabbobi ce da aka bari tsakanin gonaki, sau da yawa da shingen aguwa dama da hagu don kada shanu su faɗa wa amfanin gona. In ka ji garke yana tahowa a burtali, kai ne za ka raɓe. Abokina ya ce rigimar manoma da makiyaya da muke ji a rediyo, sau tari daga nan take farawa, in an nome burtali ko in dabba ta tsallake shinge. Tun daga ranar kalmar ta daina zama mini kalmar ƙamus.

Kaka ce, an yanke gero tuni, ana girbin dawa, dammuna jingine ana jiran kai su rumbu. Itatuwa su ne alamun hanya, don haka dole ka san su da ido: kuka, tsamiya, ɗorawa, giginya, goruba. Gawo ya fi sauƙin ganewa a wannan lokaci, domin shi da damina yake zubar da ganye, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore shar. Manoma suna barinsa a tsakiyar gona saboda ba ya tare wa shuka rana, kuma ƙasar gindinsa tana da ƙarfi. Ƙarangiya kuma ba sai an nuna maka ita ba, ita za ta nemo ƙafar wandonka.

A wata mararraba abokina ya ce shi ya yi shiru, ni zan yi tambaya. Na sami wani dattijo yana ɗaure dami, na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah ina hanyar ƙauyen nan na gaba?" Ya miƙe ya nuna da hannu ya ce, "Ɗana, ka ga kukar can? In ka kai gindinta sai ka yi yamma." Kukar ban sami matsala da ita ba, mun sha karanta bambancin kuka na itace da kuka na hawaye, na farko karin sama da ƙasa, na biyu sama da sama. "Yamma" ce ta kayar da ni. Na ɗauka cewa yake yi kafin in kai itacen nan rana za ta yi sanyi. Na dubi kukar, ga ta ana hangowa, na dubi rana, ko hantsi bai gama ba. Sai na ce, "Baba, har yamma? Ashe da nisa haka?" Dattijon ya yi dariya har ya dafa damin. Ya kama kafaɗata ya juya ni, ya ce, "Nan gabas, inda kake sallah." Na ce ni Kirista ne. Ya ce, "To, inda rana take fito maka. Ka ba ta baya, ka miƙe."

An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya fahimci amsar. Bahaushen karkara ba kasafai yake cewa dama ko hagu ba in yana kwatance. Da kusurwa yake yi: yi gabas, yi kudu, arewa da masallaci, yamma da rijiya. Kafin ka bar gari, ka tabbatar ka san inda gabas take, ka riƙe ta a ka duk inda hanya ta karkata.

Akwai kuma "can" ɗin da ya faɗa. A rubutu "nan" ɗaya ce, "can" ɗaya ce, amma a baki huɗu ne. "Nan" mai karin faɗau tana nufin inda nake. "Nan" mai karin sama tana nufin wajenka, ko wurin da aka riga aka ambata. "Can" mai faɗau wuri ne da ake hangowa. "Can" mai karin sama kuwa ya yi nisa, wataƙila ma ido ba ya kai wa. In kuma aka ja ta, aka ce "caaan" ana ɗaga haɓa, to ka duba ruwan gorarka. Kukar dattijon ta faɗau ce, minti goma sha biyar ta kai mu. Ƙauyen kuwa da na sake tambayar wani yaro, ja ya yi, kuma sai da muka ƙara kusan awa guda.

Da muka isa ba mu kutsa ba. Mun tsaya a ƙofar gidan mai unguwa muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, abokina ya faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Namiji baƙo iyakarsa zaure. 'Yan uwa mata kuwa za a iya shigar da ku cikin gida, kuma za ku ji Hausar da mu ba za mu taɓa ji ba, ta girki da reno da surfe. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaya. Kuma kada wanda ya fita shi kaɗai. A tambayi mai masauki wace hanya ce lafiya a wannan lokaci, in ya ce a bari, a bari.

Aka kawo mana fura a ƙwarya. Mai unguwa ya tambaye ni, "Ina gajiya?" Na san amsar littafi ita ce "Ba gajiya", kuma ita na bayar, alhali ƙafafuna suna zugi. Ya dubi wandona da ƙarangiya ta yi wa ado ya ce, "Gajiya ta bi lafiya." Muka kamo hanya da wuri don abokina ya sami Juma'a.

Ga ɗan aiki ga wanda zai gwada, ko a nan harabar makaranta ne kafin a tafi. Ku fita ku biyu. Ɗaya ya tsaya a gindin wata itaciya, ɗaya ya yi nisa kaɗan. Na tsaye ya riƙa ba da umarni da Hausa zalla, ba dama ba hagu, ba nuni da hannu: yi kudu, juyo, gangara, hawo, zagayo ta arewa da ita. Duk inda na tafiya ya yi kuskure, a koma farko. In an gama sai a yi musaya.