A Duba Jiki Kafin Yankan Riɗi

Idan riɗi ya nuna a Gadarif ba ya jiran kowa. In aka yi jinkirin yanka, sai kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa. Tun shekarun 1940 tarakta take huɗa a manyan gonakin ƙasar nan, amma har yau hannu ne yake yanka riɗi da lauje, ya ɗaure dami, ya kakkaɓe. Bayan riɗi sai yankan dawa, sai dakon buhu mai kilo 90 a kasuwa. Baya da kafaɗa da gwiwa su ne suke ɗaukar wannan nauyi duka.

A ɗakin shan magani muna ganin abu ɗaya kowace kaka. Mutum zai ji ƙugunsa yana ciwo tun lokacin noma, ya yi shiru don kada mai gona ya ɗauki wani. Sai tsakiyar yanka a kawo shi a amalanke, ya kasa miƙewa. Ga ciwo, ga kuɗin kaka ya wuce shi. Da an duba shi tun watan Satumba, da an san aikin da ya dace da shi.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020.

Yadda ake dubawa

Ba a bukatar allura ko hoto. Akwai jerin tambayoyi da masana a arewacin Turai suka fitar a 1987, ana amfani da su a ƙasashe da yawa. Ana bin wurare 9: wuya, kafaɗu, gwiwar hannu, wuyan hannu da yatsu, gadon baya, ƙugu, kwatangwalo da cinya, gwiwa, idon sawu da ƙafa. A kowane wuri za a tambaye ka abu uku:

1. A cikin wata 12 da suka wuce, wurin ya yi maka ciwo?
2. Ciwon ya taɓa hana ka aiki?
3. A cikin kwana 7 ɗin nan, yana nan?

Sa'an nan malamin asibiti zai ce ka ɗaga hannuwa sama, ka kai su bayanka, ka waiwaya dama da hagu, ka sunkuya, ka tsuguna ka tashi, ka taka da diddige, ka taka da yatsun ƙafa, ka damƙe hannunsa. Ka faɗi gaskiya. Ba don a raba ka da aikinka ake yi ba. Mata masu daka, masu ɗebo ruwa da itace, da masu tankaɗe riɗi, ku ma ku zo. Aikinku aiki ne.

Ciwon da ba a jira da shi

Ku zo asibiti a ranar idan ciwon baya ya zo tare da ɗaya daga cikin waɗannan:

- fitsari ko bayan gida yana zuba ba da sani ba, ko fitsari ya ƙi fita
- tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta rasa ƙarfi
- zazzaɓi, gumin dare da rama. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, haka kuma cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba
- gaɓa ta kumbura ta yi zafi
- ciwon ya fara bayan faɗowa daga mota ko dutse

Mai sikila ya faɗa mana tun farko, domin nasa ciwon ƙashin dabam ne.

Abin da za ka yi

Yawancin ciwon ƙugu yana sauƙi cikin 'yan makonni. Doguwar kwanciya ba ta warkar da shi, tafiya a hankali da aiki mara nauyi sun fi. In za ka ɗaga buhu, ka lanƙwasa gwiwa, ka jawo shi kusa da jiki, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu. Babban buhu na mutum biyu ne. Ka wasa laujenka, domin dakusasshen lauje yana cin wuyan hannu. Ka riƙa miƙewa tsakanin kunya da kunya, ka sha ruwa sosai.

Ku yi hankali da ƙwayoyin kasuwa. Diclofenac da ibuprofen, in ana shan su kullum cikin rana da ƙishirwa, suna ɓata ƙoda, suna kawo gyambon ciki. Tramadol yana rufe ciwon ne kawai, rauni yana ƙaruwa, mutum kuma ya kasa rabuwa da shi.

Masu gona da shugabannin leburori, ku aiko da mutanenku kafin a sa lauje. Wanda aka samu da ciwo, a mai da shi ɗaurin dami ko ɗinkin buhu, kada a sallame shi. In ma'aikata suka ga an kori mutum ɗaya saboda ya faɗi ciwonsa, ba wanda zai ƙara faɗa. Jiki magayi ne, a saurare shi tun yana magana a hankali.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ma'aikaci yake ɓoye ciwonsa?
2. Faɗi alamu uku da za su sa a kai mutum asibiti a ranar.
3. Wa za ka kawo a duba shi kafin kakar bana?