Girman Maɓalli da Mazauninsa a Fuskar Kwamfuta

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a nuna cewa girman maɓalli da wurin da aka ajiye shi a fuskar kwamfuta ba al'amarin ado ba ne kawai. A shekarar 1954, Paul Fitts, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya gano cewa lokacin da hannu kan ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa ya danganta da abubuwa biyu, wato nisan abin da kuma faɗinsa. Saboda haka, ƙaramin maɓalli mai nisa yakan ci lokaci, ya kuma jawo kuskure.

Alal misali, a kwamfutar Macintosh ta 1984 an jera umarni a can ƙarshen fuska ta sama. Da yake kibiyar linzami ba ta iya ƙetare wannan iyaka, ko da an tura ta da ƙarfi, a kan jerin za ta tsaya.

Bisa ga wannan, wajibi ne mai tsarawa ya faɗaɗa maɓallan da aka fi amfani da su, ya kuma nisanta na gogewa daga na adanawa, domin kuwa zamewar hannu sau ɗaya tana iya shafe aikin yini guda.