Iyaka a cikin teku

Daga Damana zuwa bakin teku ya fi kilomita 800. Mutanen Tondikandiya da na Kurfai da yawa ba su taɓa ganinsa ba, sai waɗanda suka je cin rani Kwatano ko Abijan. Amma ruwan da ke jiƙa gonakin hatsi na ƙasar Filinge daga can yake tasowa. Iskar damina ce ke ɗauko shi daga tekun Gine.

Ruwan teku ba ɗaya ba ne. Wani wuri da ɗumi, wani wuri da sanyi. Inda suka haɗu ba su garwayuwa nan da nan, kamar yadda jan ruwan ƙorama yake bin gefe guda in ya shiga gulbi. Wannan mahaɗa ita ce iyakar ruwa.

Akwai irin wannan iyaka can kudu da gaɓar Gana. Daga watan Mayu iska takan ture ruwan da ke bisa, sai mai sanyi ya taso daga ƙarƙashi. Ɗumin ruwan yakan sauka daga wajen digiri 28 zuwa 23. A lokacin ƙasarmu ta gasu da rana. In teku ya yi sanyi, tudu kuwa ya yi zafi, iska takan bugo arewa da ƙarfi, ta kawo hadari.

Yaya ake ganin iyakar? Jirgin ruwa, inda ya bi kawai yake aunawa. Tauraron ɗan'adam kuwa yana hango teku duka. Ba ya taɓa ruwan. Ɗumin da ke tashi yake aunawa, kamar yadda hannu ke jin zafin murhu daga nesa. Tun 1981 taurarin hukumar NOAA ta Amurka suke wannan aiki. Kwamfuta takan raba hoton gida-gida kamar gurbin dara, ta gwada kowane gida da maƙwabcinsa. Inda bambanci ya yi yawa, sai ta ja layi bisa taswira.

Hoton kwana ɗaya ba ya isa, don gizagizai sukan rufe teku. Dole a tara na shekaru da yawa, galibi 30, kafin a san inda iyakar ta saba zama.

A 1984 ruwan tekun Gine bai yi sanyi yadda ya saba ba. A shekarar nan damina ta ƙi a Nijar, hatsi ya ƙone, dabbobi suka mutu. Ba teku kaɗai ya jawo farin ba, amma da hannunsa a ciki.

Saboda haka masanan cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, sukan duba ɗumin teku kowace shekara kafin shuka. Suna iya kirdadon ko damina za ta yi albarka. Ba su iya faɗin ranar da ruwa zai sauka a Damana.