Haƙƙin Wanda Aka Tuhuma Da Sata A Shari'ar Musulunci

 

Duk wanda ya zauna a Badarawa, ko Kwaru, ko Malali, ko wata daga cikin unguwannin Kaduna ta Arewa, ya san abin da kan biyo baya idan aka kwarma ihun "Ɓarawo!" da tsakar dare ko a bakin kasuwa. Nan da nan sai a ga mai sanda da mai dutse sun fito, kowa yana duka, alhali kuwa da za a tsai da goma daga cikinsu a tambaye su abin da aka sata, da wuya a sami biyu da suka sani. Idan wani dattijo ya ce a dakata a bincika, sai a ce yana ɗaure wa ɓarayi gindi. Idan kuma magana ta kai kotu, lauya ya miƙe domin ya kare wanda ake tuhuma, sai a ce ya sayar da lahirarsa. Yawancin masu faɗin haka suna zaton kishin Shari'a suke yi. Saboda haka ya kamata a koma ga littattafai a ga abin da ita Shari'ar ta tanada wa mutumin da aka nuna da yatsa.

Haddin sata tabbatacce ne a aya ta 38 cikin Suratul Ma'ida, babu Musulmin da ke jayayya da shi. Amma akwai wasu ayoyi da suka sauka a kan wata ƙarar sata, waɗanda ba a cika ambatonsu ba a wurin wa'azi, watau daga aya ta 105 zuwa ta 112 a Suratun Nisa'i. A ruwayar da ta shahara cikin littattafan tafsiri, wani mutumin Madina mai suna Ɗu'uma ɗan Ubairiƙu ya saci sulken maƙwabcinsa, wanda ke cikin wani buhun gari. Buhun yana da huda, gari ya riƙa zuba a hanya. Sai ya kai sulken ajiya gidan wani Bayahude. Masu cigiya suka bi sawun gari har ƙofar Bayahuden, suka sami sulke a hannunsa. Ya ce ajiya aka kawo masa. Dangin Ɗu'uma kuwa suka taru suka zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan'uwansu. A zahiri komai ya nuna Bayahuden: ga sawu, ga kaya a ɗakinsa, ga Musulmi suna yi wa nasu shaidar kirki. Sai Allah Ya saukar da ayoyin nan Ya wanke wanda ba Musulmi ba, Ya tona asirin wanda ke cikin sahu, Ya kuma bayyana girman zunubin mai aikata laifi ya jefa shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wasu kan ɗauki ayar farko daga cikin waɗannan, wadda ta hana yi wa maha'inta jayayya, su ce ai ta haramta aikin lauya. Lalle ta hana mutum ya tsaya wa wanda ya san maha'inci ne da ƙarya. Sai dai a tuna cewa a wannan ƙissa wanda jama'a suka ɗauka ɓarawo, shi ne mai gaskiya, kuma shi ne bai da mai magana da yawunsa.

Daga nan malaman fiƙihu suka gane cewa ganin kaya a hannun mutum alama ce da ke sa a bincike shi, amma ba ta isa a yanke masa hannu ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda kotunan ƙasar nan ke bi, haddin sata yana tabbata ta hanya biyu: ko dai iƙrarin mutum da bakinsa bisa zaɓin kansa, ko kuwa shaidar maza biyu adalai. Idan mai kaya ya kawo shaida ɗaya ya haɗa da rantsuwa, ko namiji ɗaya da mata biyu, za a hukunta a biya shi dukiyarsa, amma ba a yanka. Wannan ya shafi mutane da yawa a yau. A ɗauka wani mai gyaran waya ne a Badarawa, aka kawo masa waya gyara, ko ya saya a hannun wani, daga baya aka bi sawunta har rumfarsa. Mai ita yana da ikon ya karɓi abinsa idan ya tabbatar nasa ne. Kiran mai rumfar ɓarawo kuwa wata da'awa ce dabam, mai neman nata shaidun. Asalin ƙa'idar shi ne, kawo hujja yana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi, yana Halifa ya ga sulkensa a hannun wani ɗan amana, suka je gaban Alƙali Shuraihu, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, Halifa ya tashi babu sulke a hukunce.

Ko da an tabbatar mutum ya ɗauki kayan, da sauran tambayoyi. Na farko, shin kayan sun kai nisabi? Nisabi shi ne rubu'in dinari na zinariya, watau giram ɗaya da ɗan abin da ya ɗara, ko dirhami 3 na azurfa, ko abin da ƙimarsa ta kai haka ranar da aka ɗauka. Sa'an nan, shin daga ma'ajiyarsu aka fitar da su? Wannan shi ake kira hirzi, ma'anarsa wurin da bisa al'ada ake killace irin wannan kaya, kamar ɗaki ga tufafi, ko garke ga dabbobi. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa, ta bayyana cewa ba a yanka a kan 'ya'yan itacen da ke rataye a bishiya, ko tumakin da ke wurin kiwo kafin su koma makwancinsu, haka nan wanda aka kama cikin ɗaki bai riga ya fito da kayan ba. Wanda ya fizge abu a fili ya ruga, da baƙon da aka yi wa izinin shiga ɗaki ya ɗauki wani abu a ciki, da wanda aka ba ajiya ya ci amana, da uban da ya ɗauki dukiyar ɗansa, duk ba a yanke musu hannu. Kada mai karatu ya ɗauka an sake su ke nan. Suna da laifi, alƙali zai yi musu ta'aziri gwargwadon abin da ya gani, na ɗauri ko bulala, kuma za su biya. Shi kuwa mai tare hanya da makami, babinsa dabam ne, hukuncinsa ya fi tsanani.

Sai batun yunwa da larura. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Sayyidina Umaru ya yi umurni a yanke hannuwansu, sa'an nan ya lura cewa ubangidansu yana barinsu da yunwa, sai ya juyo da hukuncin kansa. Mai taguwa ya ce kuɗinta dirhami 400 ne, Umaru ya sa aka biya shi 800. Malik ya ce ninka kuɗin ba shi ne aikin mutanen Madina ba, amma darasin yana nan: alƙali ya tambayi abin da ya kai hannun ga kayan. Haka kuma sananne ne cewa Umaru bai yi yanka ba a shekarar fari da aka yi a Hijaz, shekara ta 18 bayan Hijira.

Inda aka fi zaluntar talaka shi ne wajen iƙrari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah wani mutum da ya amsa sata, ba a kuwa sami kaya tare da shi ba, sai ya nuna masa cewa ba ya zaton ya yi satar, ya maimaita masa haka sau biyu ko uku, mutumin yana dagewa, kafin a zartar. A duba nisan da ke tsakanin wannan da abin da akan yi a ɗakin 'yan sintiri ko bayan kanta, inda ake ɗaure yaro tamau a yi ta jibga har ya amsa abin da ko a mafarki bai yi ba. Muhtasar na Shaihu Halilu ya tafi a kan cewa iƙrarin da aka samu ta hanyar tilas ba ya tabbatar da haddi, ko da wanda aka tilasta ya fito da kayan, domin mai yiwuwa ne wani ya ajiye su wurinsa. Ya kuma ce idan mai iƙrari ya janye maganarsa a karɓa, ko bai kawo dalili ba. Haddi ya faɗi, biyan dukiya ya rage a kansa.

Gaskiya ne akwai wani ƙauli na Sahnunu, wanda Ibnu Asim ya bi a Tuhfatul Hukkam, mai cewa ana aiki da iƙrarin wanda ya shahara da ɓarna ko da an matsa masa. Amma malaman da suka yi wannan magana sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku, kamar yadda Ibnu Farhun ya yi bayani a Tabsiratul Hukkam: wanda aka sani da kirki, wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya yi suna wajen ɓarna. Na farkon ba a taɓa shi, har ma akan ladabtar da wanda ya yi masa ƙazafin. Matsawar da suka ambata a kan na ƙarshe ce kaɗai, kuma a hannun hukuma, ba a hannun duk wanda ya ji ihu ya fito da gora ba.

Kafin alƙali ya yanke hukunci wajibi ne ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ko yana da sukar da zai yi wa shaidun, ya kuma ba shi lokaci ya kawo. Ƙiyayya tsakaninsa da mai shaida, ko kusancin mai shaida da mai ƙara, ko saɓanin shaidu a kan rana da wuri da irin kayan, kowanne yana iya rushe shaidar. Hukuncin da aka yi ba tare da i'izari ba abin warwarewa ne. To, ina manomi ko ɗan dako zai san nisabi, da hirzi, da i'izari, balle ya nemi a yi masa su? Amfanin wakili masani ke nan. Iyakarsa kuwa ita ce kada ya ƙaga ƙarya ko ya sayi shaida, gama hadisin Ummu Salama ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci shari'a da iya baki ya karɓi haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta ya karɓa. Kariya kuma dabam take da ceto. Ceto shi ne abin da Usama ɗan Zaidu ya nemi yi wa matar nan Bamakzumiya bayan laifi ya tabbata, Manzon Allah ya yi fushi ya hana.

Ba a daɗe ba da aka ga muhimmancin wannan a ƙasar nan. Turawan mulkin mallaka sun hana yanke hannu bayan sun ci ƙasar Hausa, daga baya kuma dokar Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960, ta karɓe hukuncin laifuffuka a Jihar Arewa. Da Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba 1999, sai haddi ya dawo cikin doka. A watan Maris 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a asibitin Talata Mafara saboda satar saniya. Bai da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2004 inda ta ce da yawa daga waɗanda aka yanke wa irin wannan hukunci a jihohin Arewa talakawa ne da ba su sami lauya ba, wasu kuma sun ce da duka aka karɓi iƙrarinsu a hannun 'yan sanda. Mutum yana iya ƙin ra'ayin masu rahoton game da haddi, amma tambayar da ke ciki, ko an cika sharuɗɗa ko ba a cika ba, tambayar Halilu ce tun kafin a haife su. Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, kuma a watan Maris 2010 wata kotun Shari'a da ke Magajin Gari ta hana wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ci gaba da muhawarar da ta buɗe a Facebook da Twitter a kan hukuncin Jangebe. Da malamai ne suka riga kowa buɗe wannan bincike a zaurukansu, da ya fi kyau da su.

Wanda aka kama da tuhumar sata a Kaduna, ko kotun majistare aka kai shi ko ta Shari'a, ya san cewa tsarin mulkin 1999 ma ya ba shi abin riƙewa. Sashe na 36 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, ya ba shi ikon kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa, da ikon yi wa shaidu tambayoyi, da tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Sashe na 35 ya ba shi ikon yin shiru har ya gana da lauya, ya kuma wajabta kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan wanda ke tsare domin ya amsa laifi babban laifi. Marar hali kuma yana iya neman Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976. Danginsa su yi hanzari tun ranar farko, kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba.

Shi ma mai kaya yana da tasa dama kafin magana ta kai ga hukuma. Safwanu ɗan Umayya yana barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, wani ya zare, ya kama shi ya kai wa Manzon Allah. Da ya ji za a yanke hannun mutumin sai ya ce ya bar masa mayafin sadaka, aka amsa masa cewa da ya yi haka tun kafin ya kawo shi. Saboda haka sulhun da mai unguwa ko limami kan yi, a mayar wa mai kaya abinsa a ja wa yaro kunne, yana da asali, muddin ba a kai ƙara ba tukuna, kuma wanda ake sulhun a kansa bai zama annoba ga unguwa ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya so, za a duba hukuncin wanda ya sayi kayan sata bai sani ba, da wanda zai bi domin kuɗinsa su dawo.